Yadda Ake Wasan Golf na Faifai a Kan Tudu da Gangare

Shekara 4 ke nan ni da wasu abokaina muna fita bayan gari da sassafen kowace Asabar, ta hanyar Kalambaina, zuwa wani tudun marmara da muka tsara wa zango 9 na wasan golf ɗin faifai. A tsawon wannan lokaci na koya wa mutane da dama, kuma na lura cewa duk wanda ya fara koyo a shimfiɗaɗɗen wuri kamar filin ƙwallon makaranta, ranar da ya fara hawa tudu sai ya ɗauka an musanya masa faifai. Wanda ya saba tafiya a miƙe sai ya riƙa kaucewa hagu, wanda kuma ya saba kwanciya inda ya faɗi sai ya tashi tsaye ya gangara kamar tayar da yara ke garawa. Tudu yana sauya yadda faifai ke tafiya a sama, yana kuma sauya abin da yake yi bayan ya taɓa ƙasa, kuma na biyun ne ya fi cin mutane, domin a gangare ba inda faifai ya sauka ake lissafi ba, inda ya tsaya ake lissafi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan ba shi da wuyar fahimta. Kowane zango yana da mafari, inda ake yin jifan farko, da kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, inda ake ƙarewa. Kana jefa faifai daga mafari, ka je inda ya tsaya ka sake jefawa daga nan, har ya shiga kwando, kuma wanda ya gama dukkan zanguna da mafi ƙarancin jifa shi ne ya ci. Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick ne ya ba wasan siffar da yake da ita a yau: shi ya kafa filin farko na dindindin a lambun Oak Grove da ke jihar Kalifoniya a 1975, ya kafa PDGA, ƙungiyar 'yan wannan wasa, a 1976, wadda dokokinta ake bi har yanzu, kuma shi ya ƙirƙiro kwando mai sarƙa.

Kayan da ake buƙata

Faifan wannan wasa ba irin maras nauyin nan ba ne da ake sayar wa yara. Ya fi shi ƙanƙanta amma ya fi shi nauyi, faɗinsa kimanin santimita 21 ne, nauyinsa kuma yawanci daga giram 150 zuwa 175, doka ba ta yarda ya wuce giram 200 ba. A jikin yawancin fayafai akwai lambobi huɗu. Ta farko gudu ce, ta biyu daɗewa a iska, ta uku yadda yake karkata dama lokacin da yake da gudu, ta huɗu yadda yake komawa hagu idan gudunsa ya ƙare, duk wannan ga mai jifa da hannun dama ta bayan hannu, jifan da zan bayyana a mataki na 3. Faifan da lambarsa ta uku take 0 kuma ta huɗu babba ce, mu a tsakaninmu muna ce masa mai taurin kai, domin ko yaya ka jefa shi hagu zai koma. Wanda lambarsa ta uku take -2 ko -3 muna ce masa mai sauƙin kai. Ka riƙe waɗannan sunaye biyu, domin rabin bayanin tudu a kansu yake.

Mai koyo fayafai uku sun ishe shi: faifan kusa mai gudu 2 ko 3, irin Aviar na kamfanin Innova, faifan tsakiya mai gudu 4 ko 5, irin Buzzz na Discraft, da faifan nisa mai sauƙin kai mai gudu 6 ko 7, irin Leopard. Kada ka yarda kwaɗayi ya kai ka ga masu gudu 12 ko 13 saboda kawai ka ga gwanaye na jefa su a YouTube, domin hannun mai koyo ba ya iya ba su gudun da suke buƙata, sai su faɗi hagu tun ba su je ko'ina ba. Idan kuɗinka na ɗaya ne kawai, ɗauki na tsakiya, zai yi maka aikin duka ukun har ka samu hali. Mu ta intanet muke haɗa kuɗi mu yi oda a tare don rage kuɗin dako, ko mu ba wani mai dawowa daga Turai sautu.

Abubuwa biyu game da ƙasar Sakkwato ya kamata su shiga cikin zaɓinka. Na farko launi: ja da ruwan ƙasa da ruwan lemo suna sajewa da marmara, ruwan ɗorawa kuma yana ɓacewa a busasshiyar ciyawa, saboda haka shuɗi ko fari ko ruwan hoda za ka nema. Na biyu irin robar: marmara tana cin faifai kamar zarto, roba mai arha irin DX tana gutsirewa cikin 'yan makonni, don haka faifan nisa gara ya zama na roba mai ƙwari irin Star ko Champion. Faifan kusa kuwa gara mai laushi, domin shi ne yake kama ƙasa ya kwanta. Ka rubuta sunanka ko wata alama a cikin kowane faifai, doka ma ta buƙaci haka.

Kwando kuma mai walda zai haɗa maka. Ana buƙatar bututun ƙarfe mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi, da kwando mai faɗin kusan santimita 66 wanda bakinsa zai kasance kimanin santimita 82 daga ƙasa, da zoben ƙarfe a sama wanda sarƙoƙi 12 ko fiye za su sauko daga gare shi su haɗu a jikin bututun. Namu na farko da gindin tsohuwar ganga muka yi shi. In babu halin wannan, a kafa turke a ɗaura masa tsumma biyu, ɗaya daidai ƙugu ɗaya daidai kafaɗa, duk faifan da ya bugi tsakaninsu ya shiga. Da itatuwa da turakun fitila aka fara wasan tun kafin kwando ya zo, saboda haka ba abin kunya ba ne.

Saura takalmi mai rufi wanda ƙasansa ke da haƙora, ruwa aƙalla lita 2 ga kowane mutum, tsumman goge ƙura, hula mai baki ko malafa, da ɗan murfin roba mai faɗin santimita 7 zuwa 15 don sa alamar inda faifai ya tsaya. Silifas kam a bar shi a gida. Na ga wanda ya yi sati uku yana ɗingishi saboda tsakuwa ta zame da shi yana tsakiyar jifa.

1. Nemi izini, sannan ka taka filin da ƙafarka

Babu tudun da ba shi da mai shi. Ka fara gaida mai unguwa da masu gonakin da ke kewaye, ka nuna musu faifan, ka faɗa musu ranar da za ku riƙa zuwa, kuma kada ka yi nisa da gari. Ranar da muka fara zuwa namu ba mu yi haka ba, sai ga wani dattijo ya taso daga gindin gawo da sandarsa yana cewa, "Samari, mi kuka nema nan? Wanga abu fa in ya sami akuyata akwai magana." Muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, "Baba, a yi mana afuwa, mun yi kuskure," kuma tun daga ranar shi ne yake nuna mana inda faifai ya faɗi idan ya ɓace mana. Da damina, lokacin da gero da wake suke gona, zangunan da suka ratsa shuka rufe su ake yi sai bayan kaka.

Kafin jifan farko, taka kowane zango daga mafari har kwando. Abin da kake dubawa shi ne ta ina ruwa zai bi da an yi ruwan sama, domin ta nan faifai zai bi idan ya tashi tsaye. Lura da kwazazzabo, da sarƙaƙƙiyar bagaruwa da magarya, da wuraren da tsakuwa take kwance a kan dutse, da ɗan wurin da ƙasa ta daidaita ko yashi ya taru, wanda shi ne masaukin da za ka riƙa auna.

2. Ƙiyasta hawa ko gangara

Ido yana yaudara a kan tudu. 'Yan wasa suna da wani ƙiyasi da ya daɗe yana aiki, cewa kowace mita 1 ta hawa daidai take da ƙarin mita 3 na nisa, kowace mita 1 ta gangara kuma ragin mita 3 ce. Zango mai mita 60 wanda kwandonsa ya fi mafari tudu da mita 8, ka ɗauke shi a matsayin mita 84. Zango mai mita 90 da ya gangara mita 10, jifan mita 60 yake buƙata, wato aikin faifan tsakiya ne ko ma na kusa.

Manhajar UDisc tana auna nisa a waya, amma ga hanyar auna tsawon tudu ba tare da waya ba. Tsaya a ƙasa, ɗaga gorar ruwa da ta kai rabi daidai idonka, bi saman ruwan da kallo har inda ya yanki jikin tudun, sannan ka taka zuwa wurin ka maimaita. Kowane tashi ɗaya tsawon idonka ne daga ƙasa, kusan mita ɗaya da rabi ga yawancin mutane. Sau ɗaya ake yin wannan ga kowane zango, a rubuta a ajiye.

3. Riƙo da jifa

A jifan bayan hannu, yatsu huɗu suna shiga ƙarƙashin bakin faifai su matse shi da tafin hannu, babban yatsa yana sama. Tsaya a karkace, kafaɗarka ta dama tana nuna inda kake so ya je, miƙa hannu baya, sannan ka jawo faifan a layi ɗaya ta gaban ƙirjinka kamar mai jan igiyar injin ban ruwa a fadama, gwiwar hannu ce a gaba, faifan yana biye. Ƙarfin daga ƙugu da ƙafa yake fitowa. Ba sakin faifan kake yi da gangan ba, shi ne yake fizge kansa daga yatsunka a ƙarshen jan.

Idan gefen faifan da ke nesa da hannunka ya fi ƙasa lokacin fita, shi ake kira haiza, faifan zai yi baka zuwa hagu. Idan ya fi sama, anhaiza ke nan, zai fara karkata dama. Akwai kuma jifan cikin hannu, wanda ake sa yatsu biyu a cikin bakin faifai a wurga ta gefe, shi kuma ƙarshensa dama yake komawa. Bahago ya juya duk wani hagu da dama da zai karanta a nan.

Kuskuren da kusan kowa yake farawa da shi shi ne ɗaga hancin faifai, wato gefensa na gaba. Faifan da hancinsa ke sama yakan tashi kamar shirwa, ya tsaya cak, ya faɗo hagu. Sunkuyar da wuyan hannu kaɗan kamar mai tsiyaya shayi daga buta, hancin zai daidaita. Ka yi sati biyu kana gyara wannan a shimfiɗaɗɗen fili kafin ka hau tudu, domin tudu ninka wannan aibin yake yi.

4. Jifa zuwa sama

Faifan da ke hawa yana rasa gudu da wuri, kuma da zarar gudu ya ragu sai ya fara komawa hagu, shi ya sa kowane faifai yake ƙara taurin kai a hawa. Maganin shi ne ka ɗauki wanda ya fi sauƙin kai a jakarka, in akwai mai ƙarancin nauyi ya fi, kuma ka auna dama kaɗan da inda kake so.

Game da jiki, kada ka tsaya a miƙe ka yi ƙoƙarin ɗaga faifan da hannu kawai. Karkata kafaɗunka su bi layin tudun, ta gaba sama ta baya ƙasa, ka miƙa hannu baya ƙasa-ƙasa, ka jawo yana hawa, ta yadda faifan zai tafi daidai da jikin tudun, hancinsa yana bin hanyar da yake tafiya. Rage gudun shiga jifa, ko ka bar shi gaba ɗaya ka jefa a tsaye, domin mai gudu yana hawa nauyinsa yakan maƙale a ƙafar baya, daga nan kuma hanci sama yake fita. Jifan tsaye yana rage nisa kaɗan, amma ya fi faifan da ya daki ƙirjin tudun mita 20 a gabanka.

Idan kwandon yana bayan ƙoli ba ka ganinsa, tura mutum ɗaya ya tsaya a sama, a gefe, ya tabbatar babu makiyayi ko masu itace a hanya, ya kuma ga inda faifan ya faɗi. Ni ba na yarda kowa ya yi jifan da ba a ganin masaukinsa ba tare da ɗan kallo ba, ko da gwani ne.

5. Jifa zuwa ƙasa

Wannan shi ne jifan da ya fi daɗi kuma ya fi ɓarna. Mutum yana tsaye a ƙoli, fili ya buɗe a gabansa har yana hango kore-koren fadamar Rima, sai zuciya ta ce masa ya ɗauki faifan nisa ya saki iya ƙarfinsa. Abu biyu ne za su iya faruwa. Idan ya jefa a miƙe kamar yana kan daidaitacciyar ƙasa, ƙasa za ta janye daga ƙarƙashin faifan, gudunsa zai ƙare yana can sama, kuma zai samu dogon lokaci yana komawa hagu har ya faɗi nesa da hanya. Idan kuma ya bi gangaren da ƙarfi da faifai mai sauƙin kai, faifan ba zai rasa gudu ba, sai ya kife dama ya tafi abinsa.

Abin da ake yi shi ne a sauko mataki ɗaya ko biyu a gudun faifai, wato na tsakiya a maimakon na nisa, na kusa a maimakon na tsakiya, a zaɓi wanda ba ya kifewa, a jefa da kimanin kashi biyu cikin uku na ƙarfi. Kafaɗar gaba ta yi ƙasa, layin jan ya bi gangaren, ido kuma yana kan masauki, ba kan sararin sama ba. Faifan kusa da aka sake shi a hankali yana bin gangare yana iya cin mita 80 ba tare da ya kauce ba, abin da mai koyo ba ya yarda da shi sai ya gani.

Kula da ƙafar gaba. Dukkan nauyinka a kanta yake sauka, kuma tana sauka ne a wurin da ya fi ƙasa da inda ta saba, don haka share tsakuwar mafari da gefen takalmi kafin ka fara, ka gajarta takun ƙarshe, ka bar gwiwa a ɗan lanƙwashe. In mafarin yana bakin gaɓa, jefa a tsaye.

6. Gefen tudu, da yadda faifai zai kwanta

A nan ne ake cin wasa ko a faɗi. Faifan da ya sauka da cikinsa daidai da shimfiɗar ƙasa yakan ja ciki kaɗan ya tsaya. Wanda ya sauka da baki yakan tashi tsaye, kuma faifan da ya tashi tsaye a gangare ba ya tsayawa sai ya samu abin da ya tare shi. Saboda haka kafin kowane jifa, tambayar ita ce da wane gefe faifan zai taɓa ƙasa.

Idan tudun yana damanka kuma ƙasa ta gangara hagu, jifan bayan hannu da ɗan haiza ya dace, domin gefen hagu na faifan yana ƙasa kamar yadda ƙasar take, zai kwanta da ciki. Sai dai zai ja ciki zuwa hagu, don haka auna sama da kwandon da 'yan mitoci. Idan tudun yana hagunka kuma ƙasa ta gangara dama, jifan bayan hannu na yau da kullum shi ne mafi haɗari, domin zai soki tudun da bakinsa na hagu, ya miƙe, ya juyo ƙasa. A nan jifan cikin hannu ake so, a auna sama ta hagu. Wanda bai iya cikin hannu ba ya ɗauki faifan kusa ya sake shi a hankali da anhaiza, ƙasa-ƙasa, ta yadda zai sauka kafin ya samu damar komawa hagu.

Zangonmu na 6 irin wannan ne, kuma a kansa na koyi darasin. Na yi jifa mai kyau da faifan tsakiya, ya faɗi bai fi taku biyar da kwando ba, har abokai sun fara tafi. Sai ya miƙe a kan bakinsa, ya yi ɗan jim kamar mai shawara, ya juya ya fara gangarowa, ya wuce tumfafiyar da ke tsakiyar zangon, ya wuce jakunkunanmu, ya yi tsalle a kan wani dutse ya faɗa kwazazzabo. Zangon da aka yanka wa jifa 3, da 7 na gama shi, wandona kuma cike da ƙarangiya.

Tsayuwa ma tana shiga ciki. Idan yatsun ƙafarka sun fi dugadugai ƙasa, jikinka zai rinjaya gaba, faifan ya fita da haiza ko ba ka nufa ba. Idan sun fi sama, za ka rinjaya baya, ya fita da anhaiza. Buɗe ƙafafu, sassauta gwiwa, gwada jan sau biyu ba tare da saki ba don ka ji inda jikin yake rinjaya, sannan ka gyara.

7. Iska

Iskar da ke fuskantarka tana ɗaga faifai ta sa shi kifewa dama, don haka mai taurin kai ake ba ta, a jefa ƙasa-ƙasa. Wadda ke bayanka tana danne shi ta ƙara masa taurin kai, sai a ba ta mai sauƙin kai, a ɗan ɗaga. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma takan ƙaru idan hantsi ya ɗaga, saboda haka zangunan da suka fuskanci can gara a riga ta. A tudu, iskar da kake ji a kwari ba ita ce a sama ba. Watsa ƙura don ka san ta inda kake, sannan ka dubi kan itatuwan da ke ƙoli don ka san wadda faifan zai tarar. Mafi muni shi ne gangara da iska a fuska, domin iskar tana hawowa ta jikin tudun ta shiga ƙarƙashin faifan. A irin wannan hali ni nakan raba zangon biyu, in yi gajeren jifa zuwa masauki mai kyau.

8. Kusa da kwando

Tun daga jifan da zai kai ka kusa, nemi ka tsaya ƙasa da kwandon. Mai jefawa sama idan ya kuskure, tudun da ke bayan kwandon zai tare masa faifai. Mai jefawa ƙasa idan ya kuskure, faifan zai wuce ya ci gaba da tashi, ya koma nesa fiye da inda ya fito. Idan kana ƙasa, auna saman sarƙoƙi ka ƙara ƙarfi kaɗan, domin jifan hawa gajarta yake yi. Idan kana sama kuma nisan ya wuce wanda kake da tabbaci a kai, kada ka nemi shiga. Ajiye faifan a hankali, a kwance, a gindin turken, ka ƙarasa da jifa na biyu. Abokai za su yi maka tsiya cewa ka ji tsoro, amma takardar lissafi za ta rama maka.

Doka ta ce lokacin saki, wani sashe na jikinka da ka dogara a kai ya kasance cikin ɗan fili mai faɗin santimita 20 da tsawon santimita 30 a bayan alamarka, kuma kada wani sashe ya taɓa ƙasa a gaban alamar. A cikin mita 10 daga kwando, dole ka nuna ka tsaya daram bayan saki kafin ka taka gaba, in ba haka ba akwai tarar jifa 1. A gangare wannan yana da wuya, don haka buɗe ƙafafu gefe da gefe kana fuskantar kwando, ko ka sa gwiwa ɗaya a ƙasa, doka ta yarda da hakan.

9. Lissafi, da abin yi idan faifai ya shiga wani hali

Wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi yake fara jifa, sauran suna bayansa, kuma a tudu wannan ya haɗa da kada kowa ya tsaya ƙasa da mai jifa a hanyar faifai. A mafari na gaba, wanda ya yi mafi ƙarancin jifa a zangon da ya wuce shi ne na farko. Idan faifai ya nufi mutum, a ɗaga murya a ce "Hattara!" tun yana sama.

Faifan da ya ɓace ana nemansa minti 3, in ba a gani ba a ƙara jifa 1 a sake daga inda aka jefa. Wanda ya maƙale a itace, a sa alama a ƙasa daidai ƙarƙashinsa a ci gaba daga nan. Wanda ya faɗi a bakin kwazazzabo inda tsayuwa ke da haɗari, mai shi yana da damar karɓar tarar jifa 1 ya ja baya a kan layin da ya miƙe daga kwando ta kan alamarsa, ko ya koma inda ya jefa. Ku yi shawara tun kafin a fara a kan wuraren da kuka haramta, kamar gona ko hanya. Faifan da ya shiga can tarar jifa 1 ce, a ci gaba daga cikin mita 1 da inda ya tsallaka iyaka. Kada ka taɓa cusa hannu a ƙarƙashin dutse ko cikin sabara don ɗauko faifai sai ka fara bugawa da sanda, saboda kunama da maciji.

10. Lokaci, da kula da kaya

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, kuma hawa da sauka sau tara ba ƙaramin aiki ba ne, saboda haka bayan sallar asuba ake fita, a gama kafin ƙarfe 9. Da azumi mukan mayar da shi bayan la'asar, mu taƙaita zuwa zango 4 ko 5 da ke kusa da inda muka ajiye babura.

Da an dawo gida, wanke fayafan da ruwa da sabulu, domin ƙurar hunturu tana sa su santsi a hannu. Inda marmara ta tayar da ƙaya a baki, shafa shi kaɗan da takardar goge katako mai laushi, iya abin da zai kwantar da ƙayar. Faifan da ya tsage ya fita daga wasa. Kada ka bar su a cikin mota ko a kan kujerar babur da rana, zafi yana lanƙwasa su. Jera su a tsaye cikin jaka, a ɗaki. Kuma ka sani cewa faifan da ya sha duka yana ƙara sauƙin kai a hankali, don haka bayan kowane wata biyu ka kai su filin makaranta ka jefa kowanne sau biyar a miƙe don ka ga inda halinsa ya koma. Wanda ya fara kifewa dama kada ka yar da shi, mayar da shi faifan hawa, ka nemi sabo don gangara.